Idan Na'urar MP3 Ta Fara Tsallake Waƙa Ko Maimaita Ta: Yadda Ake Gano Bakin Zaren

Kana cikin sauraro, waƙa ta kai tsakiya, sai ta yanke, na'ura ta faɗa wa ta gaba alhali ba ka taɓa komai ba. Ko ka sa ta cakuɗa maka waƙoƙi ɗari uku, amma kullum guda goman nan take ta juya maka. Ko ka zuba karatu kashi talatin, daga kashi na 1 sai ka ji ta haura na 10. Da yawa idan suka ga haka sai su ce na'urar ta tashi aiki, wasu kuma su yi wa katin memori fomat nan take, su yi asarar abin da suka shekara suna tarawa, matsalar kuma ta dawo bayan kwana biyu.

Irin wannan matsala tana kama da wadda ba ta da kan gado, amma kusan kullum tana da shi. Kafin sauti ya iso kunnenka, abu huɗu yake ratsawa: fayil ɗin kansa, katin da yake ciki, na'urar da ke karanta shi, da iyafis ɗin da ke fito da shi. Laifin yana bin ɗaya daga cikin huɗun nan, kuma aikinka shi ne ka gano wanne. Hanyar kuwa ita ce ka riƙa canza abu ɗaya tak a kowane gwaji. In ka canza kati da iyafis lokaci guda matsalar ta tafi, ba ka san wanne ne mai laifi ba, ranar da ta dawo kuma sai ka sake daga farko.

Kafin ka taɓa komai

Haɗa na'urar ko katin da kwamfuta ka kwafe duk abin da ke ciki. Kada ka tsallake wannan. Kwafewar ma gwaji ce: idan kwamfuta ta tsaya a kan wani fayil ta ce ba ta iya karanta shi, ka riga ka samu shaidar farko cewa katin ba lafiya.

Bayan haka ka ɗauki yini ɗaya kana lura. A kan waƙa ɗaya take yankewa kullum, kuma a minti ɗaya? Sai kana tafiya na'urar tana aljihu, ko har tana ajiye a kan tebur? Sai caji ya yi ƙasa? Waƙoƙin da ke kan kati kaɗai, ko har da na cikin na'urar? Rubuta amsoshin. Wanda ya amsa waɗannan tambayoyi ya yi rabin gyaran, domin yankewa a wuri ɗaya kullum fayil take nunawa, yankewa lokacin motsi kuma iyafis ko ramin da ake soka shi.

Mataki na farko: saitin kunnawa

Na'ura a aljihu tana danna kanta. Shiga wurin saitin kiɗa ka duba yanayin kunnawar da take kai. Alamar kibiyoyi biyu da suka gitta juna ita ce cakuɗawa, wadda ake rubuta wa Shuffle ko Random. Kibiya mai zagaye da lamba 1 a ciki tana nufin maimaita waƙa ɗaya. Akwai kuma wani yanayi da ke ruɗa mutane sosai, wanda ake rubuta wa Intro ko Preview: yana kunna 'yan daƙiƙoƙin farko na kowace waƙa, galibi kamar goma, ya wuce ta gaba. Idan duk waƙoƙinka suna yankewa a daidai lokaci ɗaya tun daga farko, shi ne. Harafin A-B a kan allo kuwa yana nufin ka kulle ta tana zagaya wani yanki na waƙar.

Duba agogon barci ma, mai kashe na'ura bayan minti 15 ko 30 ko 60. Wasu na'urori kuma suna canza waƙa idan an girgiza su. iPod nano, na'urar kiɗa ta kamfanin Apple, da ta fito a 2008 tana da wannan, kuma mai gudu ko mai tafiya da sauri zai yi ta jin waƙa tana canzawa har sai ya kashe shi. In na'urarka tana da makullin madannai, ka saba kulle ta kafin ta shiga aljihu.

Mataki na biyu: shin cakuɗawar ce ta lalace, ko haka take?

A nan nake so in daɗe, domin a nan aka fi zargin na'ura a kan abin da ba laifinta ba.

Hanya biyu ake cakuɗa waƙa. Ta farko kamar a garwaya katin karta ne a raba ɗaya bayan ɗaya: ana jera duk waƙoƙin a sabon tsari, ba wadda za ta dawo sai an gama da sauran. Tushen wannan dabara tun 1938 yake, daga masana lissafi Ronald Fisher da Frank Yates. Hanya ta biyu kuwa kamar jefa ƙuri'a ce: duk lokacin da waƙa ta ƙare, na'ura ta zaɓi wata daga cikin duka, har da wadda ka ji yanzun nan. Ƙananan na'urori da yawa ta biyun suke bi, saboda ba ta bukatar su riƙe abin da ya wuce.

Lissafin hanya ta biyu yana ba mutane mamaki. Idan kana da waƙa 100, kafin ka gama jin 13 yiwuwar wata ta maimaitu ta haura rabi. Wato maimaituwar da ke ba ka haushi, a irin wannan na'ura, ita ce abin da ya kamata a gani. Ko a hanya ta farko ma, idan mawaƙi ɗaya yana da waƙa 40 cikin ɗarin, dole ka riƙa jin sa sau biyu ko uku a jere. Kunnen ɗan Adam bai yarda da haka ba, shi so yake a baza. Ƙorafin ya yi yawa har kamfanin Apple ya ƙara wa iTunes, manhajarsa ta kiɗa a kwamfuta, wani saiti a 2005 mai rage yiwuwar jin mawaƙi ɗaya a jere, Spotify, manhajar sauraron kiɗa ta intanet, ita ma ta canza nata tsarin a 2014 saboda irin wannan kuka.

Amma akwai cikas na gaske guda uku da ya kamata ka bambance. Na farko, na'urar da duk lokacin da aka kunna ta sai ta bi jeri iri ɗaya: waƙa ta 7, ta 52, ta 19, gobe ma haka. Dalili shi ne na'ura ba ta iya zaɓin ganin dama na haƙiƙa, wani lissafi take yi daga wata lamba ta farawa, kuma idan masu ƙera ta suka bar lambar nan ba ta canzawa, jerin ma ba zai canza ba. Dabarar da ke yawan aiki ita ce ka fara daga wata waƙa daban da hannunka, ko ka kashe cakuɗawar ka sake kunna ta, ko ka bar na'urar ta yi barci maimakon ka kashe ta gaba ɗaya. Na biyu, tana cakuɗawa amma a cikin folda ɗaya kawai. Nemi zaɓin da ke tsakanin folda da duka waƙoƙi, ko ka fara kunnawa daga jerin duka waƙoƙi maimakon ta cikin folda. Na uku, wasu waƙoƙi ba sa fitowa sam. A iPod kowace waƙa tana da wani ɗan akwati a cikin bayananta a iTunes mai cewa a tsallake ta lokacin cakuɗawa, sai ka duba ko an sa masa alama. A wasu na'urori kuma akwai iyakar yawan fayil da suke iya lissafawa, abin da ya haura iyakar ba sa ganin sa ko da yana kan kati. Takardar da ta zo da na'urar takan faɗi adadin.

Idan na'urarka mai jefa ƙuri'a ce kuma maimaituwar ta ishe ka, ka cakuɗa a kwamfuta, ka ajiye jerin a matsayin fayil na M3U, wato fayil mai riƙe jerin sunayen waƙoƙi, ka zuba, ka kunna shi a jere da cakuɗawar a kashe.

Mataki na uku: iyafis da raminsa

Wannan ya fi kowane gwaji sauƙi, shi ya sa na gabatar da shi a kan fayil da kati. Ari wani iyafis ka saurara na awa ɗaya. In matsalar ta ɓace, an gama.

Ga abin da ke faruwa. Na'urori da yawa suna dakatar da waƙa da zarar an zare iyafis. Idan ramin ya tara ƙura da zaren aljihu, kan iyafis ɗin ba ya zama daram, ɗan motsi kaɗan sai na'ura ta ɗauka an zare. Kashe ta, ka haska ramin da fitila, ka zaƙulo dattin a hankali da tsinken katako ko na roba. Ban da allura ko wani ƙarfe. Sannan ka kunna waƙa ka juya kan iyafis ɗin a cikin ramin, ka kuma lanƙwasa wayar a kusa da kan da kusa da kunnuwa. Inda sauti ya yanke, nan cutar take.

Kalli kan iyafis ɗin kuma ka ƙirga zoben da ke jikinsa. Mai zobe biyu na sauraro ne kawai. Mai zobe uku yana da makirufo da madanni, kuma idan wayarsa ta fara tsinkewa daga ciki, ko gumi ya shiga madannin, yakan aika wa na'ura saƙon dannawa alhali ba wanda ya danna: dannawa ɗaya tsayawa, biyu tsallakewa. Mutum zai rantse aljanu ne a na'urar, ashe waya ce ta zare.

In na Bluetooth kake amfani da shi, ka tuna cewa a kan zangon 2.4 GHz yake tafiya, inda Wi-Fi ma yake, kuma nisansa da ƙyar ya wuce mita 10 a fili. Jikin mutum ma yana tare shi, don haka na'ura a aljihun baya takan riƙa sarƙewa. Dawo da ita aljihun gaba. Goge haɗin ka sake haɗawa, ka kuma tabbata iyafis ɗin ba ya ƙoƙarin komawa kan wayarka da ke kusa. Iyafis masu aiki da shafawa kuwa, hula ko mayafi ko jiƙaƙƙen gashi yana iya shafar su ya canza waƙa.

Mataki na huɗu: fayilolin kansu

Ɗauki waƙar da ke yankewa ka kunna ta a kwamfuta daga kwafin da ka yi. In can ma ta yanke a wurin, fayil ɗin ne bai sauka cikakke ba, sai a nemo wani. In ta yi lafiya a kwamfuta, kada ka yi saurin wanke ta, domin manhaja irin VLC tana haɗiye kurakuran da ƙaramar na'ura ba za ta iya ba.

Abin da na fi cin karo da shi shi ne fayil mai sunan aro. Ƙarshen sunansa .mp3, amma cikinsa wani nau'in fayil ɗin sauti ne daban, kamar AAC ko Opus, saboda wani ya canza sunan da hannu ko shafin da aka sauko da shi ya yi hakan. Canza suna ba ya canza abin da ke ciki. Saƙon murya na WhatsApp, alal misali, Opus ne, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba su san shi ba. Manhajar MediaInfo kyauta ce, tana gaya maka ainihin abin da fayil yake. Haka fayilolin FLAC, wani nau'in sauti mai nauyi, masu 24-bit da 96 kHz sun fi ƙarfin ƙananan na'urori da yawa, ko da an rubuta a kwalinsu cewa suna karanta FLAC. Idan kana son abin da kusan kowace na'ura za ta karɓa ba gardama, juya fayil ɗin zuwa MP3 mai 44.1 kHz, a kan ma'auni tsayayye na 192 ko 256 kbps. MP3 mai ma'auni mai hawa da sauka shi ma halas ne, sai dai idan bayanin da ke kansa ya lalace na'ura takan kasa sanin tsawonsa, ta nuna minti na ƙarya ko ta datse shi kafin ƙarshe. Manhajar MP3val tana gyara irin wannan.

Sai bayanan da ke maƙale da waƙa: sunanta, sunan mawaƙi, hoton bango. Ana kiran su ID3. Sigar 2.4 ta fito a shekarar 2000, amma har yau na'urori da yawa sun fi jituwa da 2.3 da ta gabace ta. Hoton bango mai girman gaske ma yana iya sa na'ura ta daskare ko ta tsallake waƙar, saboda ƙwaƙwalwarta ba ta ɗaukar sa. Gwajin ba wuya: kwafi waƙar, ka buɗe kwafin da manhajar Mp3tag, ka cire duk bayanan da hoton, ka zuba. In ta yi, sai ka mayar da bayanan a sigar 2.3 da ƙaramin hoto, kamar pixel 300 zuwa 500 a kowane gefe.

Mai amfani da kwamfutar Mac yana da tasa matsalar. Mac tana ajiye wasu ƙananan ɓoyayyun fayiloli a kan kati, sunansu iri ɗaya da na waƙar amma da ɗigo da ɗan layi a gaba, kamar ._waka.mp3. Na'ura sai ta ɗauke su waƙoƙi ne, ta yi ƙoƙarin kunnawa, ta kasa, ta wuce. Alamarsa ita ce adadin waƙoƙin ya ninka biyu kuma rabi ba sa yi. Umarnin dot_clean a kan Mac yana share su, ko ka goge su ta Windows bayan ka sa ta nuna ɓoyayyun fayiloli.

Mataki na biyar: katin memori

Zare katin, ka zuba waƙa ashirin da ka tabbatar da lafiyarsu a cikin na'urar kanta, ka saurara. In ba matsala, katin ne ko mazauninsa. Goge ƙarfen bayansa da busasshen ƙyalle mai laushi ka mayar har sai ka ji ya kama.

Daga nan duba tsarin fomat ɗinsa. Kati mai 4GB zuwa 32GB da FAT32 yake zuwa, mai 64GB zuwa sama kuma da exFAT. Tsofaffin na'urori da yawa FAT32 kaɗai suka sani. Wasu za su ƙi babban katin gaba ɗaya, wasu kuma su karɓa in an mayar da shi FAT32. Tagar fomat ta Windows ta saba ƙin ba da zaɓin FAT32 ga abin da ya wuce 32GB, sai an yi da wata ƙaramar manhaja ta daban. In na'urar tana da wurin yi wa kati fomat da kanta, shi ya fi, domin ta fi kowa sanin abin da take so. A kwamfuta kuma SD Card Formatter, ta ƙungiyar da ke tsara ƙa'idar katunan, ita ce abin dogaro ga katin da za a bari a tsarinsa na asali.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne katin jabu. An taɓa sayar mini da wanda aka rubuta wa 64GB, kwamfuta ma ta nuna 64GB. Waƙoƙin da na fara zubawa suna yi lafiya, na baya kuwa sunayensu suna nan amma na'ura tsallake su take yi. Na yi kwanaki ina zargin na'urar. Ashe ainihin cikin katin bai kai 8GB ba, an dai yi masa dabara ya riƙa faɗin ƙarya, duk abin da ya haura iyakarsa ta gaskiya kuma ɓacewa yake yi. Idan tsofaffin fayiloli suna yi, sababbi ba sa yi, ka zargi wannan. Manhajar H2testw a kan Windows, ko F3 a kan Linux da Mac, tana cika katin da bayanai ta sake karantawa ta gaya maka gaskiyar girmansa. Takan ɗauki awanni, kuma da katin da ba komai a ciki ake yi, amma duk sabon kati ya cancanci wannan gwajin kafin ka ba shi amanar abin da ka tara. Katin da ya faɗi gwajin ba ya gyaruwa da fomat.

Kuma ka daina fizge kati ko kebul kafin kwamfuta ta ce an gama. Sau da yawa nan fayiloli ke samun rauni.

Mataki na shida: idan jeri ne ya birkice

Wani lokaci cakuɗawa a kashe take, amma waƙoƙi ba sa bin tsari. Na'ura harafi-harafi take karanta suna, shi ya sa a wurinta 10 da 11 suna gaban 2. Sa sifili a gaba: 01, 02, 03, in kuma fayilolin sun kai ɗari, 001. Wasu na'urori lambar da ke cikin ID3 suke bi ba sunan fayil ba, sai ka gyara ta a Mp3tag.

Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da suna ko lamba, tsarin da aka rubuta fayilolin a kan katin suke bi, wanda ya fara shiga shi ne na farko. Ga irin waɗannan, ƙirƙiri sabuwar folda a kan katin ka zuba fayilolin a jere, ko ka yi amfani da manhaja irin fatsort ko DriveSort da ke sake tsara rajistar katin.

Mataki na bakwai: na'urar kanta

Sai yanzu muka iso gare ta. Yawancin na'urori suna ajiye kundin waƙoƙin da suka gani, kuma in ka goge ko ka ƙara fayil kundin bai sabunta ba, za ta riƙa neman waƙar da babu, ta tsallake. Nemi wurin sabunta kundin a cikin saiti ka bar ta ta gama. Bayan haka ka sake tayar da ita: wasu suna da ɗan rami da ake dannawa da tsinke, iPod Classic kuma ana danne Menu da madannin tsakiya tare har tambarin Apple ya fito. Wannan ba ya goge waƙa. Mayar da ita yadda ta fito daga kamfani kuwa yana iya gogewa, sai ka tabbata kwafinka yana nan.

In duk wannan bai yi ba, duba shafin kamfanin ko akwai sabuwar manhajar ciki ta na'urar. Ka tabbata ta ainihin samfurinka ce, lamba da lamba, ka cika caji, kada kuma ka zare kebul ana tsakiyar aiki, domin katsewa a nan tana iya kashe na'urar har abada. Masu wasu tsofaffin iPod da Sansa Clip suna da wata mafita, Rockbox, manhaja ce kyauta da masu sa kai ke rubutawa, tana karanta nau'o'in fayil da yawa kuma cakuɗawarta irin ta raba karta ce. Sai dai ka fara duba ko samfurinka yana cikin waɗanda take ɗauka.

Mataki na takwas: batir da kayan ciki

Batirin lithium yana tsufa. Bayan caji ɗari uku zuwa ɗari biyar ƙarfinsa yakan fara ja baya, kuma tsohon batir yana iya nuna rabi a kan allo amma da an ƙara murya ko an kunna Bluetooth sai wutarsa ta faɗi, na'ura ta mutu ko ta sake tashi da kanta. Saurara tana jone da caja. In ba ta yanke ba ko sau ɗaya, batir ne, a canza shi.

iPod Classic da ire-irenta faifai mai juyawa ne a cikinsu. Kara ta a kunne lokacin da take tsallakewa. In ka ji ƙas-ƙas a kai a kai, faifan ne ke mutuwa, ka kwashe abin da ke ciki yau-yau. Masu gyara suna iya maye gurbinsa da mazaunin katin SD.

In kuwa ka ga bayan na'urar ya kumbura, ko allon ya fara ɗagowa daga mazauninsa, dakatar da duk wani gwaji. Batirin ne ya kumbura, kuma yana iya kamawa da wuta. Kada ka sa ta a caji, kada ka matse ta don ta koma, kada ka huda. Ajiye ta a kan siminti ko cikin kwanon ƙarfe marar murfi, nesa da katifa da takardu, ka zare katinka, ka kai ta wurin mai gyara ya cire batirin.